Shekarar da hanyar gida ta toshe

 A watan Maris na 2025 aka cika shekara biyar cif da rufe filayen jiragen saman Najeriya da Nijar saboda annobar korona. Da shugabannin ƙungiya suka ce kowa ya kawo abin da za a saka a wannan mujalla ta tunawa, sai na lura cewa yawancin waɗanda muke haɗuwa da su a taro yanzu bayan 2021 suka zo. Sun san korona a gida, sun sha kulle, sun ɗaura takunkumi. Abin da ba su gani ba shi ne halin wanda yake wannan ƙetaren teku, ga fasfo a hannu, amma babu filin da jirginsa zai sauka. Waɗanda suka gani da idonsu kuwa sun fara watsewa, wani ya koma gida, wani aiki ya kai shi Texas ko Kanada. Shi ya sa na ga gara a rubuta abin da ranakunsa da adadinsa tun kafin ya koma "an ce".

A lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin injiniya, a wata jami'a da ke ɓangaren Maryland. Kamar kowa, da awanni nake auna nisan gida. Ka tashi daga Dulles, ka canja jirgi a Addis Ababa ko Istanbul ko wani birni a Turai, washegari kana Abuja, jibi kana cin tuwo a gaban mahaifiyarka. Shekarar 2020 ta koya mana wani ma'aunin daban. Tsakaninmu da gida akwai sa hannun wasu mutane ƙalilan a wasu ofisoshi, kuma ranar da suka rufe hanya, launin fasfonka da nauyin aljihunka su ne ke faɗin ko za ka wuce.

Takardu biyu a rana ɗaya

Ranar 31 ga Janairun 2020 Fadar White House ta fitar da takardu biyu. Ta farko ta hana shigowar baƙin da suka kasance a ƙasar Sin cikin kwana 14 da suka gabata. Ta biyu ba ruwanta da cuta: ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama ta dindindin, tare da Eritriya da Myanmar da Kirgistan. A majalisunmu ta biyun ce ta ɗauki hankali, domin ita ce ta ambaci sunanmu, duk da cewa ba ta taɓa bizar ɗalibai ba. Wuhan kuwa muna jin ta kamar labarin wata duniya.

Mu 'yan injiniya muna da wani dalili na bin labarin. Ranar 22 ga Janairu wata farfesar injiniya a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, Lauren Gardner, tare da ɗalibinta na digirin digirgir Ensheng Dong, suka buɗe taswirar nan ta intanet mai baƙin bango da jajayen ɗigo. Da farko sha'awar aikin ce ta sa muke leƙawa, muna cewa ga ɗalibi irinmu ya yi abin da duniya ke kallo. Cikin 'yan makonni sai ga jan ɗigo a kan Legas. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da cutar a jikin wani ɗan Italiya da ya shigo Najeriya, kuma a ranar ce Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi.

Daga nan abin ya ɗauki gudu. Ranar 5 ga Maris gwamnan Maryland Larry Hogan ya sanar da mutum uku na farko a gundumar Montgomery, ya kafa dokar ta-ɓaci. Ranar 11 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, da daren ranar kuma Shugaba Trump ya rufe ƙofa ga matafiya daga yawancin ƙasashen Turai. Aka ware filayen jirgi 13 da masu dawowa za su riƙa sauka domin a duba su, Dulles na ciki, mutane suka yi cincirindo a layi na awanni, kafaɗa da kafaɗa, a daidai lokacin da ake cewa a ba da tazara. Jami'o'in yankin nan, su Howard da Georgetown da George Washington da George Mason da Maryland, duk suka mayar da karatu intanet, aka ce waɗanda suka tafi hutun bazara kada su dawo ɗakunan kwana. Ɗan Amurka ya tattara kayansa iyayensa suka zo da mota. Ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi fa, ina zai nufa?

Garin baƙi babu baƙi

Wanda bai zauna a Washington ba zai ɗauka gwamnati ce kaɗai sana'ar garin. Gwamnati ce ta ɗaya, amma baƙi ma babban ginshiƙi ne. A 2019 mutum miliyan 24.6 ne suka ziyarci birnin. A 2020 adadin ya faɗo zuwa miliyan 13.3, kuɗin da baƙi ke kashewa kuma ya ragu da fiye da rabi. Kuma annobar ta zo ne daidai kakar garin. Ƙarshen Maris ne itatuwan ceri da birnin Tokyo ya ba Washington kyauta a 1912 suke fure a bakin tafkin Tidal Basin, bikin da kan jawo mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. A 2020 furen ya cika ranar 20 ga Maris, ya yi kyau abinsa, ba ruwansa da abin da mutane ke ciki. Da jama'a suka ƙi daina zuwa, sai magajiyar gari Muriel Bowser ta sa 'yan sanda da dakarun National Guard suka tare hanyoyin. Hukumar jirgin ƙasa ta Metro ta rufe tashar Smithsonian da ta maƙabartar Arlington don kada a samu hanyar zuwa kallon fure. Wallahi ban taɓa zaton zan ga ranar da za a sa soja gadin fure ba.

Tun ranar 14 ga Maris gidajen tarihi na Smithsonian da gidan namun daji suka rufe. Taron bazara na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, wanda duk Afrilu yake kawo ministoci da tawagoginsu, aka mayar da shi ta allon kwamfuta. Mu ɗalibai mun san amfanin wannan taro ta wata fuskar: a cikin 'yan rakiyar ne akan samu wanda zai riƙo maka saƙon kuka da daddawa da yaji daga gida. Ranar 30 ga Maris Maryland da Virginia da birnin Washington duk suka ba da umarnin zaman gida. Ranar 14 ga Afrilu mutanen da aka tantance a dukkan filayen jiragen Amurka ba su kai dubu 90 ba, alhali a irin ranar a shekarar da ta gabata sun haura miliyan biyu. A duniya baki ɗaya, masu ƙetare iyaka don ziyara sun ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari a wannan shekara.

Waɗannan alƙaluma suna da fuskoki, kuma da yawa fuskokin da muka sani ne. Wa ke jan tasi da Uber daga Dulles zuwa cikin gari? Wa ke gyaran ɗaki a otal, wa ke wanke-wanke a kicin, wa ke sayar da riga da hula a bakin National Mall? Galibi baƙi ne, 'yan Habasha da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Latin Amurka. Kamfanin otal na Marriott, wanda hedikwatarsa ke nan Bethesda, ya tura dubban ma'aikata hutun dole tun a Maris. Yayyenmu da suka daɗe a nan, waɗanda su ne ke tarbar sabon ɗalibi su ba shi katifa da tukunya, su ne suka fara rasa abin yi. Abin ya bi waya har gida: kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikawa ya sauka daga kusan dala biliyan 24 a 2019 zuwa kusan biliyan 17 a 2020. Otal ɗin da ya rufe a Arlington ya rage cefanen wani gida a Kurna.

Ƙofar gida

A makon da aka ayyana annobar, daga 11 zuwa 14 ga Maris, ana can Argungu ana bikin kamun kifi, wanda aka dawo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba, har Shugaba Buhari ya halarta. Muna nan ana kwashe kaya daga ɗakunan kwana, muna ganin hotunan dubban masunta da goruna a Matan Fada. Shi ne babban taro na ƙarshe irinsa da Arewa ta gani a shekarar.

Ranar 18 ga Maris gwamnatin Najeriya ta sanar da hana shigowa daga ƙasashe 13, Amurka da Birtaniya na ciki. Ranar 21 aka rufe filayen Kano da Inugu da Fatakwal ga jiragen waje, ranar 23 aka rufe Legas da Abuja. A Nijar kuma Shugaba Mahamadou Issoufou ya rufe filayen Yamai da Damagaram da iyakokin ƙasa daga 19 ga Maris. Ku tuna cewa iyakokin Najeriya na ƙasa dama a rufe suke tun Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Wato wanda ya saba dabarar sauka a Yamai ko Kwatano ya ƙarasa da mota, ita ma wannan ta mutu.

Mu a Arewa idan aka ce yawon buɗe ido, sai mutum ya tuna Bature da kyamara a Yankari ko a marinar Ƙofar Mata. Amma babbar tafiyarmu aikin Hajji da Umara ce, sai fatauci. A 2019 alhazai kusan miliyan biyu da rabi ne suka tsaya a Arfa, Najeriya kuma tana da kujera 95,000. A watan Yunin 2020 Saudiyya ta sanar cewa mazauna ƙasarta kaɗai za su yi Hajji, su ma 'yan ƙalilan. A 2021 ma ba a karɓi baƙi ba. Sai a 2022 Najeriya ta samu kujera 43,008, aka kuma ce wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba. Ku yi tunanin dattijon da ya sayar da shanu ya biya kuɗin kujera yana da shekara 64 a 2020. Ku yi tunanin telan da ke ɗinka kayan alhazai, da ɗan canji a Wapa, da mai sayar da jaka, da kamfanonin shirya tafiya da suka riga suka kama ɗakuna a Makka. 'Yan kasuwar Kantin Kwari masu zirga-zirgar Dubai da Guangzhou su ma suka zauna, wasu kuma rufewar ta ritsa da su a can. A Afrilun 2020 an ga bidiyon 'yan Afirka a Guangzhou da aka fitar daga gidaje da otal suna kwana a titi, har hukumomin Najeriya suka kira jakadan Sin don ya yi bayani.

Hawan sallah ma bai tsira ba. Kano ta yi sabon Sarki a watan Maris, amma shekarar ta wuce babu Hawan Daushe, babu Hawan Nasarawa. A babbar sallah gwamnati ta ce sarakuna su je filin idi a mota. Masu sayar da kayan doki, maɗinkan rawani da alkyabba, makaɗa da masu algaita, masu hoto, masu otal da ke cika da baƙi duk sallah, kowa ya ji a jikinsa.

Wa ya koma, kuma ta yaya

Komawa gida iri uku na gani a wannan shekara, kuma idan aka jera su sai a ga yadda duniya take.

Ta farko ta Amurkawa ce. Ranar 15 ga Maris hukumar Peace Corps, mai hedikwata a nan Washington, ta ce za ta kwaso dukkan 'yan sa-kanta kusan 7,000 daga ƙasashe fiye da 60, abin da ba ta taɓa yi ba tun kafuwarta. Ranar 19 Ma'aikatar Harkokin Waje ta ce duk Ba'amurken da ke waje ya dawo yanzu ko ya shirya zama inda yake har illa masha Allahu. Gwamnati ta yi hayar jirage, fasinja ya sa hannu a takardar cewa zai biya daga baya. A farkon Afrilu kaɗai an kwaso kusan mutum dubu daga Legas da Abuja, duk da cewa filayen a rufe suke, kuma cikin watanni kaɗan an dawo da Amurkawa fiye da dubu 100 daga sassan duniya. A cikin waɗanda suka baro Najeriya akwai 'ya'yanmu, masu fasfo biyu, da suka je ganin dangi rufewar ta kama su.

Ta biyu tamu ce. Sai a watan Mayu jiragen kwaso 'yan Najeriya suka fara. Na farko ya taso daga Dubai ranar 6 ga Mayu, kuma sai da ya juya ya koma domin wata mai juna biyu ta haihu a sama, sannan aka sake tasowa. Na Landan ya biyo baya ranar 8. Na Amurka, jirgin Ethiopian Airlines ne daga Newark, ya sauka Abuja ranar 10 ga Mayu da mutum 160. Kowa shi ya biya kuɗin kujerarsa tun kafin ya hau, da isa kuma aka killace su kwana 14 a otal. Yawancin waɗanda suka bi waɗannan jirage baƙi ne da suka zo asibiti ko taro ko ganin jika, bizarsu na ƙarewa, guzurinsu ya ƙare. Wata hajiya da ta zo wankan jegon 'yarta a Maryland da niyyar wata biyu, sai da ta yi azumi ta yi sallah biyu a nan. Ita ce ta riƙa yi mana dambu da kunun gyaɗa, 'yarta na ajiye mana a bakin ƙofa.

Ta uku ko jirgi babu. A Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a motoci daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da Bauchi, daga can ma ana maido da wasu, aka kuma samu cutar a jikin wasunsu bayan sun isa. Su ma ɗalibai ne da suka bar gida neman ilimi, kamar mu. Bambancin shi ne ba wanda ya tambaye su ko suna son tafiya. Ina ganin bai kamata mujallar ɗalibai ta tuna da wannan shekara ta manta da su ba.

Mu da muka tsaya

Ƙanena ya tambaye ni a waya, "Yaya, ai an ce akwai jirgi, me ya hana ka tahowa?" Amsar tana cikin takardu. A lokacin bizar ɗalibi ɗan Najeriya shekara biyu take yi, karatun digirin digirgir kuwa yakan ci biyar. Kana cikin Amurka ko bizar ta ƙare ba laifi, muddin takardar makaranta na da rai. Da zarar ka fita, sai ka sabunta kafin ka dawo. Tun Mayun 2019 aka dakatar da sabuntawa ta aika fasfo a Najeriya, sai ka je an yi maka tambayoyi ido da ido. Ranar 20 ga Maris 2020 kuma Amurka ta dakatar da aikin biza na yau da kullum a dukkan ofisoshin jakadancinta. Saboda haka fita na nufin ka ajiye karatunka ba ka san ranar ɗauka ba. Ga wanda bincikensa ke ɗakin gwaji, da injina da na'urori, ba abin da zai ɗauka a jaka ya ƙarasa a Zariya.

Zaman ma ba sauƙi. Doka ta ba mu aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, to ga ɗakin karatu da kantin abinci duk a rufe. Tallafin gaggawa da majalisar dokoki ta ware wa ɗalibai a ƙarshen Maris, Ma'aikatar Ilimi ta ce ban da ɗaliban waje. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu masallatai a kulle, daga babban masallacin Massachusetts Avenue har Dar Al-Hijrah da ADAMS da na Turkawa a Lanham, wuraren da ɗalibi kan yi buɗa-baki kyauta wata guda cur. Mu huɗu ne a gidanmu, mu ne liman mu ne mamu.

A cikin wannan azumin ne labarin Kano ya fara zuwa. Kullum ka buɗe WhatsApp sai sanarwar rasuwa, farfesa, alƙali, ɗan kasuwa, limamin unguwa. Masu haƙar kabari suka ce ba su taɓa ganin irin haka ba. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce. Kawuna, wanda ya biya mini kuɗin jarrabawar shiga jami'a, yana cikin waɗanda suka tafi a waɗannan makonni. Da asubar nan aka kira ni, kafin in gama fahimtar maganar an riga an kai shi. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A shekarar an ɗaure ƙafar, sai muka koma karɓar gaisuwa ta Zoom, ana karanta Ƙulhuwallahu murya na katsewa. Kusan kowa a ƙungiyar nan yana da irin wannan kira da ba zai manta ba.

Sai kuma ranar 6 ga Yuli. Hukumar shige da fice ta ICE ta sanar cewa duk ɗalibin waje da makarantarsa za ta yi zangon kaka ta intanet zalla, to ya bar ƙasar ko ya canja makaranta. Ku duba kalanda: a ranar filayen jiragen Najeriya a rufe suke ga jiragen waje, ba a buɗe Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Nan an ce ka fita, can an ce kada ka shigo. Jami'o'in Harvard da MIT suka shigar da ƙara ranar 8 ga Yuli, jihohi 17 da birnin Washington suka shigar da tasu, jami'o'i da dama suka mara baya. Ranar 14 ga Yuli, a gaban kotun tarayya a Boston, gwamnati ta janye umarnin. Kwana takwas ne kacal, amma ku tambayi duk wanda ya yi su ko ya yi barci. Sababbin ɗalibai kuwa janyewar ba ta cece su ba: masu shigowa karon farko sun ragu da kashi 46 cikin ɗari a wannan zango, jimillar ɗaliban waje ta sauka daga miliyan ɗaya da dubu 75 zuwa dubu 914, 'yan Najeriya daga 13,762 zuwa 12,860.

Buɗewa da kaɗan-kaɗan

Hanyar ba rana ɗaya ta buɗe ba. Nijar ta dawo da jiragen waje a farkon Agustan 2020, Najeriya a Satumba, filin Malam Aminu Kano kuwa sai a 2021. Ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ta Jibiya sai Afrilun 2022. Tafiya ta koma ta gwaji kafin tashi, gwaji bayan sauka, cike takarda a intanet, biyan kuɗi a shafin da ke ƙin buɗewa kana tsaye a gaban kanta. Daga baya aka ƙara katin allurar riga-kafi, a lokacin da mu nan ake roƙonmu mu zo a yi mana kyauta a kantin magani, iyayenmu kuma suna jiran kason farko na kusan miliyan huɗu da ya isa Abuja ranar 2 ga Maris 2021, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Darasin ƙarshe ya zo a Nuwamban 2021. Masanan Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron, suka sanar da duniya kamar yadda ya kamata, sakayyarsu ita ce Amurka ta rufe ƙofa ga ƙasashe takwas na kudancin Afirka. Kanada ta saka Najeriya a nata jerin, Birtaniya ma ta saka ta daga 6 ga Disamba, mai shigowa ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. Alhali an riga an samu nau'in a Turai. Kwana tara Birtaniya ta soke jerin, amma 'yan uwanmu da ke karatu a can da suka sayi tikitin hutun Disamba sun riga sun yi asara. Sai ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare.

Daga baya komai ya dawo har ya zarce. A 2023 baƙin Washington sun haura na 2019, ɗaliban Najeriya a Amurka sun wuce 20,000, kujerun Hajji sun koma 95,000, a Disamban 2024 kuma UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. Wanda ya sauka a Dulles bana ba zai ga alamar komai ba. Ko fararen tutoci fiye da dubu 600 da aka kafa a National Mall a Satumban 2021, kowace ɗaya a madadin mamaci ɗaya, an daɗe da kwashe su.

Abin da ya rage namu

A ajin injiniya ana koya mana cewa duk tsarin da ya rataya a kan igiya ɗaya, ranar da ta tsinke komai ya tsaya, don haka mai zane nagari yakan ajiye hanya ta biyu. Rayuwar ɗalibi a waje igiya ɗaya ce: biza ɗaya, albashi ɗaya daga malami ɗaya, ɗaki ɗaya na makaranta. A 2020 duk suka girgiza lokaci guda, kuma hanya ta biyun da ta riƙe mu ba wata hukuma ce ta gina ta ba. Iyalan da suka buɗe ɗakin ƙasa ga ɗaliban da aka fitar ne, da wanda ke da mota ya riƙa zagayawa da buhun shinkafa daga Silver Spring zuwa Alexandria, da karo-karon da aka yi wa wanda haya ta ci, da 'yar uwar da ke karatun shari'a ta zauna ta fassara mana umarnin ICE da Hausa layi-layi. Kakanninmu da suka yi fatauci zuwa Gwanja, ko suka taka zuwa Makka ta Sudan, ba su da jakada ba su da inshora. Zango suke da shi, da mai masauki wanda ya san wa ya iso, wa ke ciwo, wa guzurinsa ya ƙare. Ƙungiyar nan ita ce zangonmu.

Don haka ina roƙon shugabanni da sababbin zuwa abu uku. A riƙe rajistar membobi da lambar wani nasu a gida, a riƙa sabunta ta duk zango. Asusun ko-ta-kwana da aka buɗe a wancan lokaci kada a bari ya mutu don an samu lafiya, ko dala biyar ce a wata a riƙa sakawa. Kowa kuma ya san ranar da fasfonsa da bizarsa da takardar makarantarsa za su ƙare, ya san abin da doka ta ce kafin ya sayi tikiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya samu hutu da hali kuma, ya je ya ga iyayensa, kada ya ce sai an gama digiri.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a Kano da sauran garuruwanmu ba mu samu tsayawa a kansu ba. Allah Ya saka wa waɗanda suka ɗauke mu a lokacin da alheri, Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mayar da mu gida lafiya.